Sandar Baban Ma'u

Batsari,
Laraba, cikin Satumba.

Zuwa ga Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Nana Hadiza da yara duka. Ya Safana, ya jama'a, ya kuma haƙuri da wannan hali da muke ciki? Allah ya kawo mana ƙarshensa. In ka leƙa Zakka ka gaishe mini da Inna, ka ce mata maganin ƙafar nan shafawa ake yi, ba a ajiye shi ƙarƙashin filo.

Kada ka yi wa rubutuna dariya. Rabona da wasiƙa tun muna makaranta, amma tun da aka yanke sabis wayata ta koma tocila, dole na nemo biro. Rabi'u direba ya ce zai riƙa kawo maka duk ranar da ya yi lodin Safana.

Mu lafiya lau, Ma'u ta fara tatata. Babanta Malam Tayyib ma lafiya, sai dai abin nan nasa da ka sani. Ka tuna sandar ƙarfen da yake ta fama da ita tun azumi, wadda ka ce in ta tsaya da kanta ka ba shi rago? To ka fara neman rago, ta tsaya.

Bari in kwatanta maka, don na san ba za ka yarda ba. Tsawonta bai fi kamu ɗaya da rabi ba. Gindinta na kan wani katako da ɗan hinji irin na taga, hagu ko dama kawai take iya faɗuwa. A samanta akwai wili da ya yanka daga falanki, ya zagaye bakinsa da notina don ya yi nauyi, sai wani ɗan inji da ya ciro daga mataccen injin fotokwafi yana juya shi. Akwai kuma wani ɗan abu kamar farcen babban yatsa, irin wanda ke cikin waya da ke sa hoto ya juya in ka karkata ta, shi ke jin ta fara karkata. In ta yi dama sai wilin ya zabura ya yi dama, ita kuma ta dawo tsakiya. Ya ce haka mutum ke yi in ya zo bakin rami zai faɗa, ya kama wulwula hannuwa har ya dawo da baya. Wai kuma da irin wannan wilin taurarin ɗan'adam ke juya fuskarsu a sama. Na ce masa to su a sama suke, mu nan a ƙasa garin tuwo ya ƙare.

Jiya na rataya mata makullin kicin a gefe guda don in tsokane shi. Sai wilin ya kama gudu, yana ƙara kuka yana ƙara kuka, har ta kife. Bai yi fushi ba, ka san shi, darasi ya samu. Ya zaunar da ni kamar 'yan ajinsa, ya ce in nauyi ya rinjayi gefe ɗaya wilin ba ya samun hutu, ƙara gudu zai yi ta yi har gudun ya ƙare masa. Har kunna ta sai da ya koya mini, ina tankaɗe yana bayani.

Abin da ya sa na ɗan damu shi ne maƙwabta. Yana ɗora ta a kan katanga don ya ga yadda za ta yi da iska, ga wata 'yar fitila koriya tana ƙyaftawa a jikinta. Mutane kuma kowa a matse yake, wasu har kan duwatsu suke hawa neman sabis. Sai matan layinmu suka fara shigowa da wayoyinsu suna miƙa su kusa da ita. Ina ta ce musu ba eriya ba ce, wasan babban yaro ne kawai. Ana cikin haka wayar Hussaina, matar mai shagon kusa da mu, ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Tallan kamfanin waya ne ma, irin wanda iska kan kwaso jefi-jefi daga inda ba a yanke ba. Amma ta fita tana rantsuwa cewa sandar Malam Tayyib na jawo sabis. Ni dai abin bai ba ni dariya ba.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Fiddausi.

*

Batsari,
Litinin.

Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Don Allah kada Inna ta ji abin da ke cikin takardar nan.

Sun tafi da Baban Ma'u.

Ka ji labarin mutanen da aka tare a hanyar Karare ranar Asabar, suna dawowa da gero daga gona. An tafi da wasu, an kashe biyu. Ɗaya daga cikin biyun ƙanin Mamman ne, shugaban 'yan sa-kan unguwarmu. Tun daga wajen jana'iza magana ta tashi: ya aka yi mutanen daji suka san lokacin da motar za ta taso, alhali babu waya? Wani ya ce ai akwai gidan da ke da sabis a garin nan. Shi ke nan.

Jiya da hantsi suka zo, yana tsakar gida yana wanke wa Ma'u takalmi. Ba su yi sallama ba. Suka ɗauke sandar, suka kwashe batiran tsohuwar laftof da ya tara a kwali, suka ce ga shaida, an hana cajin waya a shago shi ya buɗe wa ɓarayi nasa a gida. Ya fara yi musu bayani, ka san bayaninsa ba ya da gajere, ya ɗauko zancen taurarin ɗan'adam. Yaya, da na iya da na toshe masa baki. Yana ambatar tauraron ɗan'adam na ga sun kalli juna, na san ya gama da kansa. Suka sa shi gaba, ko hula bai ɗauka ba.

Na goya Ma'u na tafi gidan mai unguwa. Ya san Malam, shi ne ma ya koyar da 'ya'yan mai unguwar biyu. Ya je ya same su, ya roƙi a kai shi hannun hukuma a bincika. Mamman ya ce ba ya kai kowa ko'ina, waɗanda ake kaiwa dawowa suke yi, shi kuwa ƙaninsa ba zai dawo ba. Malam na tsare a ɗakin da suke taruwa, bayan kasuwa. Na kai abinci aka karɓa daga ƙofa, ban gan shi ba. Wani daga cikinsu da na sani ya faɗa mini a ɓoye cewa wasu na cewa a fita da shi bayan gari. Ka san abin da hakan ke nufi, ba sai na rubuta ba.

Ba na jin haushin Mamman kamar yadda ya kamata in ji. Na ga matar ƙanin nasa, cikinta ya tsufa. Hussaina nake jin haushi, ta rufe ƙofarta tun jiya, ko ruwa ba ta fito ɗiba ba. Shi ma Malam ina jin haushinsa. Duk mazan gari na neman yadda za su kwana lafiya, shi yana koya wa ƙarfe tsayuwa. Sai kuma in tuna fuskarsa ranar da ta fara tsayawa, ya ɗauki Ma'u yana zagaya tsakar gida da ita, sai kuka ya zo mini.

Mai unguwa ya samo abu ɗaya. Sun yarda jibi Laraba a kawo sandar zaurensa, a kunna a gaban dattawa, a ga abin da take yi. In tsayuwa kawai take yi kamar yadda Malam ya ce, za su duba. In ta ƙi, ƙarya yake yi, wani aikin take yi. Amma Mamman ya rantse Malam ba zai taɓa ta ba, kada ya aika wa mutanensa saƙo. Aka tambaya ko akwai wanda ya iya kunna ta a garin nan. Babu, sai ni.

Na san za ka ce ka taho. Kada ka zo tukuna. Baƙon fuska daga Safana a wannan makon zai ƙara musu zargi ne, hanyar ma ba ta da kyau. Ka sa a yi mana addu'a, ka ce wa Nana Hadiza ta sa mu a cikin tata.

Ƙanwarka,
Fiddausi.

*

Batsari,
Laraba, bayan azahar.

Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Takardarka ta iso ni jiya, na gode, na kuma gode da ka ji maganata ba ka taho ba. Addu'ar da ka rubuto na yi ta karantawa har bakin zauren.

Yanzu na dawo. Ina rubuta maka ne don in na zauna haka kawai zuciyata za ta fashe.

Zauren ya cika. Dattawa a kan tabarma, liman na gefen mai unguwa, 'yan sa-kai a tsaye jikin bango da bindigoginsu, rigunansu duk layu. Ni kaɗai ce mace. Ban taɓa jin hijabina ya yi mini nauyi irin na yau ba. Malam na zaune a ƙasa can lungu, ya jingina da bango, kansa a karkace. Gefen fuskarsa ya kumbura. Ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai.

Aka ajiye sandar a tsakiya. Ina dubawa gabana ya faɗi. Sun ɗaura mata laya, babba, irin mai kauri da aka ɗinke da jar fata, a wuyanta ta gefen dama, ƙasa da wilin kaɗan. Ashe tun ranar da suka ɗauke ta suka ɗaura, don in akwai wani abu a jikinta ya karye, kada ta yi musu aiki a ɗaki. Haka suke yi wa duk abin da suka ƙwato daga daji.

Na ce a raina wataƙila ta jure. Na kwantar da ita, na murɗa makunnin, na jira fitilar ta daina ƙyaftawa kamar yadda ya koya mini, don a lokacin ne take gane inda ƙasa take, ba a so a motsa ta. Sannan na ɗaga ta a hankali har tsakiya, na ji wilin ya kama, na saki. Ta tsaya. Ban gama sauke numfashi ba na ji kukan ya fara hawa. Wilin na gudu, yana ƙara gudu, notinan suka ɓace sai da'ira kawai kake gani, kukan ya koma kamar na injin niƙa. Ta kife ta gefen layar, katakon ya daki ƙasa.

Wani daga bayana ya ce ga shi nan, laya ta karya ta. Wani ya ce dama abin na shaiɗanu ne. Mamman ya gyara bindigarsa a kafaɗa. Mai unguwa ya ce in sake. Na sake, ta kuma kifewa, wannan karon ma ta fi saurin faɗuwa. Na lura fitilar ta fara dushewa, batirin da ke jikinta tun ran Lahadi ba a yi masa caji ba. In na yi sa'a saura gwaji ɗaya.

Yaya, na san abin da ke kayar da ita, makullin kicina ya nuna mini. Amma ka duba inda nake. In na ce a cire layar, na faɗa musu da bakina cewa sandar mijina ba ta iya aiki sai an kawar da sunan Allah daga jikinta. Daga nan ba sai an ƙara tambayar komai ba. In kuma na fara bayanin nauyi da rinjaye, irin bayanin da ya kai shi lungun nan ke nan. Na kalli Malam ko zai yi mini wata alama. Idonsa a rufe. Wallahi a lokacin sai da na ji kamar in jefe shi da takalmi, ina nan ina mutuwa a kansa shi ko kallo ba ya yi.

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Na durƙusa na fuskanci liman, don ba zan iya kallon Mamman ba. Na ce ni ban yarda layar nan ce ta kayar da ita ba, hannuna ne ke rawa. Na ce in ana so a tabbatar, kada a cire, a ƙara wata. Shugaba ya ciro tasa da kansa, wadda ya fi amincewa da ita, ya ɗaura ta ɗaya gefen, a tsare ta hagu da dama. In akwai sharri a jikinta, laya biyu ba za su bar ta ta tashi ba. In ta tsaya a tsakaninsu, to a yi wa mijina adalci.

Liman ya ce maganar yarinyar nan ba ta kauce ba. Mamman ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa hannu a damtsensa ya kwance wata, ya tsuguna ya ɗaura da kansa. Ina kallon hannunsa ina addu'a, don tasa ta ɗan fi ta farkon ƙanƙanta, ya kuma ɗaura ta ƙasa-ƙasa. Na ce masa cikin ladabi ya ɗan matsar da ita sama ta yi daidai da 'yar'uwarta, kada a ce an bar wata kafa. Ya matsar, ya ƙara ƙulli.

Na kwantar, na kunna, na jira. Ban taɓa sanin fitilar nan na daɗewa haka ba. Na ɗaga, na yi bisimilla a fili don kowa ya ji, na saki.

Wilin ya yi gaba, ya dawo baya, ya sake yin gaba kaɗan. Kukan ya fara hawa, sai kuma ya sauka ya koma ɗan gurnani. Ta tsaya, Yaya. Layun na lilo a jikinta tana gyara kanta. Wani dattijo ya ce ikon Allah. Mamman ya sa yatsa ya ture ta, ta karkata ta dawo. Ya sake turewa ta ɗaya gefen, ta dawo. Ya ciro wayarsa ya kara a jikinta, ya ɗaga sama, ya zagaya, sauran ma suka ciro nasu. Babu ko ɗigon sabis. Tana nan tsaye har batirin ya mutu, ta kwanta a hankali.

Mamman ya kwance layarsa ya mayar. Ya ce wa mai unguwa, ba ni ba, za su yi shawara, in sun saki Malam zai dawo gida kafin magariba, sandar kuma ta zama tasu. Na ce su riƙe har abada. Da zai fita na ga idonsa ya yi ja. Ina jin ya so a ce mu ne, ko ya samu wanda zai riƙe a kan ƙaninsa.

Suka tashi Malam, mutum biyu suka kama shi suka fita da shi ta ƙofar baya. Ban samu na yi masa magana ba.

Ga ni nan na ɗora ruwan zafi, na dama fura. Duk motsin da na ji a waje sai na miƙe. Rabi'u zai tashi yanzu, dole in rufe. Ku ci gaba da addu'a.

Ƙanwarka,
Fiddausi.

*

Batsari,
Asabar.

Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da Nana Hadiza da yara, da fatan kowa lafiya. Na san kwana biyun nan ba ka da sukuni, ka yafe mini, Rabi'u bai yi lodi ba sai yau.

Alhamdu lillahi, ya dawo. Ranar Larabar, ana kiran magariba, mai unguwa da kansa ya kawo shi har tsakar gida. Yanzu kana iya faɗa wa Inna, amma ka tsaya a nan, sauran ka bar mini.

Mutane sun yi ta shigowa jaje da barka. Har Hussaina ta aiko da kunu, na karɓa, ban dai sha ba. Ana ta cewa na yi dabara, wai labarin laya biyu ya kai Wagini. Ni ba na son jin zancen.

Yaya, ba lafiya ya dawo ba. Da farko na ɗauka yunwa ce da rashin barci. Ranar da suka kama shi, wani ya mare shi da tafin hannu a kunnen hagu, ya ƙara, har jini ya fito. Kunnen ba ya ji yanzu, sai wata ƙara da ya ce ba ta tsayawa. Wannan ma da sauƙi. In ya miƙe sai ɗakin ya juya masa. Jiya ya ce shi zai je bayi da kansa, ya saki hannuna, taku kaɗan ya tafi ta gefe ya faɗa kan turmi. In ya juya kai da sauri sai amai. Sallah a zaune yake yi, ya jingina da gado. Ma'u na miƙa masa hannu ya ɗauke ta, yana cewa ta bari sai anjima.

Na tambaye shi abin da ya sa ya rufe ido a zauren, na faɗa masa irin haushin da na ji. Ya ce ya gwada kallo, wilin na fara juyawa ya ji zai kife a gaban mutane, ya ji tsoron su ce asirinsa ne ya karye tare da nata. Da kunne ɗaya ya bi komai. Ya ce tun kukan farko ya gane an rataya mata wani abu, da ya ji kukan ya sauka kuma ya san na gane. Ya ce ashe ina sauraro ranar da nake tankaɗe. Na ce masa ya yi mini shiru, na fita na yi kukana a kicin.

Mai kemis ɗin unguwarmu ya duba shi, ya ce abin a can cikin kunne yake, inda ke riƙe wa mutum tsayuwa, ba aikinsa ba ne, sai Katsina wajen likitan kunne. Ya ce wani yakan warware, wani kuma yakan zauna da shi, kada dai mu ɓata lokaci. Malam ya fi kowa sanin abin da ake nufi, shi ya sa ba ya tambaya. Jiya da yamma na same shi yana kallon allon da yake shirya darasi a kai, ya ce ko ana barin malami ya koyar a zaune.

Yanzu ina so ka zo. Ka samo mota mai kujerar da za a kwantar, ku taso da safe lokacin da hanya ke da mutane, Litinin in Allah ya kai mu. Nana Hadiza ta riƙe mini Ma'u in mun biyo ta Safana. Kuma don Allah kada ka zo kai kaɗai, tunda kai za ka yi tuƙi. Ka taho da ƙaninmu Sharhabilu ko wani mai ƙarfi da zai kama shi ta ɗaya gefen. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida akwai nisa, ni kaɗai ba na iya riƙe shi.

Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarka,
Fiddausi.